BABI NA HUƊU: JIGON DAIDAITO WAJEN SAMUN ILMI DA SHUGABANCI A LITTAFIN SHAIHU UMAR

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan zubi da tsarin littafin Shaihu Umar na Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa, da kuma irin salon da marubucin ya bi wajen isar da saƙonsa. A wannan babi kuma za a ɗauki ɗaya daga cikin ƙananan jigogin littafin a yi masa nazari, wato jigon daidaito wajen samun ilmi da shugabanci. Abin da ake nufi da daidaito a nan shi ne a bai wa kowane mutum dama iri ɗaya ta neman ilmi da riƙe ragamar jama'a, ba tare da an dubi asalinsa ko ƙabilarsa ko jinsinsa ko abin hannun iyayensa ba.

An daɗe ana karanta wannan littafi a makarantu a matsayin labarin yaron da ya faɗa cikin bauta, amma ilmi ya ɗaukaka shi har ya zama shaihin malami. Wannan fahimta tana da tushe, sai dai ba ta cika ba. Abin da wannan babi yake son tabbatarwa shi ne, ƙofar da Umar ya bi ya shiga ilmi alfarmar mutum ɗaya ce ta buɗe masa ita, kuma babu wani daga cikin abokan wahalarsa da ya bi bayansa ya shiga. Za a kafa hujja da rayuwar tauraron, da ta mahaifiyarsa, da kuma abin da ya faru a fadar Kagara.

4.1 Yanayin da Aka Rubuta Littafin

Littafin Shaihu Umar yana cikin littattafan da suka fito daga gasar ƙaga labarai da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a shekarar 1933 a ƙarƙashin jagorancin Rupert East, aka kuma buga shi a 1934. A lokacin marubucin yana saurayin malamin makaranta, bai daɗe da gama Kwalejin Katsina ba. Sanin wannan lokaci yana da muhimmanci saboda dalilai biyu.

Na farko, bauta ba ta zama tsohon labari ba tukuna a ƙasar Hausa. Dokar da Turawa suka kafa a 1901 ta hana cinikin bayi, ta kuma 'yanta yaran da aka haifa daga watan Afrilu na wannan shekara, amma ba a soke bauta baki ɗaya a Arewacin Nijeriya ba sai a 1936. Ke nan a ranar da littafin ya fito akwai mutanen da har yanzu suke ƙarƙashin iyayengijinsu, kuma wasu daga cikin masu karatunsa na farko sun tashi a gidajen da ake da bayi ko cucanawa.

Na biyu, ilmin boko na wancan zamani ba na kowa da kowa ba ne. Cikin makarantun da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa ta Kano tun daga 1909, akwai wadda aka keɓe domin 'ya'yan sarakuna. Kwalejin Katsina kuwa, wadda aka buɗe a 1922, ɗalibai 'yan kaɗan take ɗauka daga lardunan Arewa, kuma dukkansu maza ne. Saboda haka tambayar wane ne zai yi karatu, wane ne kuma zai yi mulki, tambaya ce da take gaban marubucin a kullum.

4.2 Ilmi a Matsayin Tsanin Ɗaukaka

Labarin ya fara ne a garin Rauta da ke kusa da Bauci, inda almajirai suke zuwa daga nesa domin ɗaukar karatu a wurin Shaihu Umar. Wani almajiri ya tambaye shi asalinsa, shi kuma ya ba da tarihin rayuwarsa. Wannan mabuɗi yana da ƙarfi ƙwarai, domin mai karatu yana fara ganin Umar ne a kan buzun karatu, jama'a na girmama shi, kafin ya ji cewa wannan mutum an taɓa sace shi yana ƙarami, an kuma miƙa shi daga hannu zuwa hannu kamar haja. Da malamin ya bayyana asalinsa, babu wani almajiri da ya naɗe littafinsa ya tashi. A nan marubucin ya nuna wata gaskiya game da karatun Musulunci a ƙasar Hausa, wato malami da ilminsa ake auna shi, kuma zauren karatu yana karɓar ɗan sarki da ɗan talaka a kan tabarma ɗaya.

Haka kuma, Umar baƙar fata ne da ya tashi cikin Larabawa a Ber Kufa, ya yi karatu a wurin Shaihu Mas'ud, har ya kai ga yin limanci. Baƙo, wanda ya shigo gari a matsayin abin mallaka, ya zama mai jan sallar 'yan gari. Idan aka tsaya a nan, za a ce littafin ya cika sharuɗɗan daidaito, domin launin fata da asali ba su hana tauraron shugabanci ba. Wannan shi ne ɓangaren da masu koyar da littafin suka fi jaddadawa, kuma shi ne ya sa ɗalibai suke fitar da darasin cewa haƙuri da ƙwazo suna kai mutum ga kowane matsayi.

4.3 Alfarma da Hakki

Sai dai akwai buƙatar a tambaya, me ya kai Umar makaranta? Amsar da littafin ya bayar ita ce Abdulkarim, Balaraben da ya ɗauke shi daga Kano, ya so shi, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa. Umar yaro ne mai basira da natsuwa, amma basirar ba ta bayyana ba sai bayan da aka zaunar da shi gaban malami. Da ya faɗa hannun wani ubangiji mai son zuciya, da a gona ko a bayan raƙumi zai ƙare, kuma babu wata doka ko al'ada a cikin labarin da za ta ƙwato masa allo da tawada. Abin da ya samu alfarma ce. Bambancin alfarma da hakki kuwa shi ne, hakki ana iya nemansa a gaban alƙali idan an hana, ita kuwa alfarma tana hannun mai bayarwa, in ya ga dama ya yi, in ya ga dama ya fasa.

Wani abin lura kuma shi ne, shi kansa Abdulkarim mutum ne da yake harka da ayarin da ke ratsa Sahara da bayi. Marubucin ya zana shi a matsayin mutumin kirki mai tsoron Allah, kuma ba a ga inda aka sa shi ya yi tunani a kan sauran yaran da ba su yi sa'ar shiga ransa ba. Waɗannan bayi suna cikin labarin, suna tafiya cikin ƙishi da wahala, amma ba a ba su baki ba. Tsarin da ya ɗaga mutum ɗaya ya bar sauran a inda suke ba za a kira shi daidaito ba, ko da kuwa wanda aka ɗaga ya cancanta.

4.4 Matsayin Mahaifiyar Umar

Hujja mafi ƙarfi a kan wannan magana ita ce rayuwar mahaifiyar Umar. 'Ya ce, ba baiwa ba, ta fita neman ɗanta, aka yaudare ta, aka mayar da ita baiwa, aka ƙetara Sahara da ita. Duk wanda ya karanta littafin zai shaida cewa ta fi kowa juriya da ƙarfin hali, domin ita kaɗai ce ta zaɓi hanyar wahala da kanta, sauran kuwa ɗaukar su aka yi. Amma hanyar da ta kai ɗanta ga limanci ita ce ta kai ta ga ƙasƙanci da ciwo. Da suka sadu bayan shekaru masu yawa, ba ta daɗe ba ta rasu.

Idan aka jera rayuwar uwa da ta ɗa, za a ga cewa mafarinsu ɗaya, bala'in da ya same su ɗaya, ƙasar da aka kai su ɗaya, amma sakamakon ya bambanta. An dubi yaron an ga almajiri, an dubi uwar an ga mai aikin gida. Babu wani wuri a labarin da aka kawo batun karatunta. Ba za a ce wai zamanin ne bai san karatun mata ba, domin labarin ya faru ne a ƙarshen ƙarni na 19, bayan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki malaman da suke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, kuma bayan Nana Asma'u (1793-1864) ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajoji suke kai karatu ga matan ƙauye. Duniyar ilmi ta littafin Shaihu Umar, tun daga Ber Kufa har zuwa Rauta, ta maza ce zalla.

Ta fuskar salo ma akwai abin dubawa. Umar ne yake ba da labarin mahaifiyarsa, har da abubuwan da suka faru ba ya nan. Wannan ya sa mai karatu ba ya jin wahalarta daga bakinta, sai daga bakin wanda ya tsira ya yi karatu. Dabarar ta dace da gaskiyar rayuwa, domin wanda ya samu ilmi shi ke da ikon ajiye tarihi, amma ta rage wa matar murya a daidai inda ya kamata a ji ta.

4.5 Shugabanci a Fadar Kagara

Dangane da shugabancin sarauta kuwa, marubucin ya fi fitowa fili da suka. Makau, mijin mahaifiyar Umar, bafade ne mai gaskiya wanda sarki yake so. Wannan soyayya ta jawo masa hassadar sauran fadawa, suka ƙulla masa sharri cewa ya ɓoye wasu daga cikin bayin da aka kamo a hari, sarki kuma ya kore shi daga gari. Daga wannan hukunci ne duk masifar gidan ta samo asali. A irin wannan fada matsayin mutum ya dogara ne ga kusancinsa da sarki, kuma wanda ya riga kai magana shi ke da gaskiya. Ke nan alfarmar da ta ɗaga Umar a gidan Abdulkarim, irinta ce aka janye wa Makau a fadar Kagara, ya wayi gari ba shi da komai.

Amma a nan ma akwai giɓi. Rigimar Makau da fadawa a kan rabon bayi aka yi ta. Labarin ya sa mai karatu ya tausaya wa Makau saboda ƙazafin da aka yi masa, bai tsaya ya tausaya wa mutanen ƙasar Gwari da aka kamo suna cikin gonakinsu ba. Zaluncin da aka yi wa ɗan cikin gida an kira shi zalunci, wanda aka yi wa na waje kuwa an wuce shi kamar al'amarin yau da kullum.

4.6 Marubucin da Littafinsa

Rayuwar marubucin tana ƙara haske a kan wannan jigo. An haifi Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1912, mahaifinsa yana aiki a gidan hakimin Lere, wato shi ba ɗan gidan sarauta ba ne. Makaranta ce ta kai shi Katsina a 1928, ta kai shi Landan a 1945, har ya zama Firayim Minista a 1957. Akwai kama tsakanin wannan tafiya da ta Umar, domin dukkansu 'yan kaɗan ne daga cikin dubbai da aka zaɓa. A 1950 ya gabatar da ƙuduri a Majalisar Dokokin Arewa yana neman a gyara tsarin mulkin En'e domin a riƙa jin ra'ayin talakawa. Ana iya ganin tsiron wannan tunani a yadda ya zana fadar Kagara shekaru goma sha shida kafin nan.

Haka nan giɓin da ke cikin littafin game da mata ya yi daidai da na siyasar zamaninsa. Har aka kashe shi a watan Janairu na 1966 matan Arewa ba su da ikon jefa ƙuri'a, duk da gwagwarmayar irin su Hajiya Gambo Sawaba, kuma ba su shiga zaɓen tarayya ba sai a 1979.

4.7 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa littafin Shaihu Umar ya yi nasarar nuna ilmi a matsayin abin da yake iya shafe tabon bauta da baƙunci. An kuma ga cewa wannan nasara ta tsaya a kan mutum ɗaya, ba ta kai ga mahaifiyarsa da sauran bayi ba. Ƙarfin littafin shi ne marubucin bai ɓoye waɗannan mutane ba, ya ajiye su inda mai karatu zai gan su. Rauninsa kuwa shi ne ya jingina bambancin sakamakonsu ga ƙaddara kaɗai, alhali labarin da kansa ya nuna hannun fadawa da maharba bayi da 'yan kasuwa a cikin abin da ya faru. Yarda da ƙaddara ba ta ɗauke wa mai zalunci alhakinsa.

Saboda haka ya kamata masu koyar da littafin su daina tsayawa a kan darasin haƙuri da ƙwazo kawai, domin wannan darasi yana iya sa ɗalibi ya ɗauka duk wanda bai yi karatu ba laifinsa ne. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta mayar da karatun shekara tara na farko hakkin kowane yaro a Nijeriya, mace ko namiji. Ma'aunin da ya dace a gwada irin wannan doka da shi shi ne ko ta kai ga yaron da ba shi da wani Abdulkarim, da kuma yarinyar da ba a taɓa kawo batun karatunta ba. A babi na gaba za a duba jigon ƙaddara da yadda marubucin ya sarrafa shi.