Tazarar Shekaru da Almara a Wasannin HIStory na Taiwan

Maƙasudin wannan maƙala shi ne duba yadda aka sarrafa tazarar shekaru tsakanin masoya a jerin wasannin kwaikwayo na talabijin mai suna HIStory, wanda aka fara nunawa a Taiwan a 2017. Jigon jerin shi ne soyayya tsakanin maza. A shekarar ce kotun tsarin mulkin ƙasar ta yanke hukuncin da ya kai ga halatta auren jinsi ɗaya a watan Mayun 2019, kuma wannan yanayi ne ya ba masu shirya wasannin damar fitowa fili.

Kafin a shiga warwarar jigo, ya kamata a lura da matsayin shekaru a al'adar Sinawa. Koyarwar Konfushiyas ta ƙayyade dangantaka biyar: sarki da bafade, uba da ɗa, miji da mata, wa da ƙane, sai aboki da aboki. Huɗun farko duk akwai na sama da na ƙasa. Maza biyu masu son juna ba su da gurbi a rukunin miji da mata, don haka sai marubuta suka ari gurbin wa da ƙane. Shi ya sa kalmar ge, wato yaya, da xuezhang, wato ɗalibin da ya riga wani shiga makaranta, suke ɗauke da nauyi a bakin taurarin irin waɗannan wasanni. Ranar da ƙaramin ya daina kiran babban da laƙabi ya kama sunansa, mai kallo ya san labari ya juya.

A Right or Wrong na 2018 babu almara ko kaɗan. Malamin jami'a ne da aurensa ya mutu, yana riƙe da 'yarsa ƙarama, sai wani ɗalibi ya shigo gidan yana kula da ita. Tazarar a bayyane take, ga shekaru, ga muƙami. An nuna cewa babban ne ragon gida, ƙaramin kuwa shi ke riƙe da girki da tarbiyya, amma wannan juyi bai warware matsalar ba, domin ikon malami a kan ɗalibi ba a ɗakin girki yake ba. Wasan ya taɓo batun, ya wuce da sauri.

Inda almara ta shigo ne al'amarin ya fi armashi. A Obsessed na 2017, tauraron ya mutu a haɗarin mota bayan ɓacin rai da masoyinsa, sai ya farka a zamaninsu na jami'a, da jikin saurayi amma da tunanin wanda ya riga ya ga ƙarshen soyayyar. A nan tazarar ta tashi daga ta haihuwa ta koma ta sani: ɗaya ya girmi ɗayan da shekarun da shi kaɗai ya rayu. Wannan dabara ce mai kyau ƙwarai, domin ta tilasta wa mai kallo ya tambayi kansa ko mene ne girma, yawan kwanaki ko yawan abin da aka gani. Sai dai kashi huɗu kacal aka ba labarin, kuma maimakon a bi wannan zare, sai aka cika su da nacin ɗayan saurayin, nacin da a wurare ya zama tursasawa, aka kuma yi masa ado da kiɗa mai taushi kamar ba laifi ba ne. Wannan ne babban aibin wasan.

Love in the Future, wanda aka fara a ƙarshen 2022, ya juya lissafin. Saurayi ne daga ƙarshen ƙarnin da ya gabata ya tsinci kansa a 2022. Bisa takardar haihuwa ya ba masoyinsa kusan shekara ashirin, amma a zahiri shi ne baƙo, shi ake koya wa zaman duniya kamar yaro. Da marubutan sun tsaya a nan, da sun sami abin faɗi game da Taiwan kanta, domin mutumin da ya baro zamanin ɓoyo ya faɗo zamanin da doka ta yarda da aurensa shaida ne na sauyin shekara ashirin. Abin takaici, raha kan kayan zamani da rikicin kamfani suka cinye mafi yawan kashi ashirin ɗin da aka ba wasan.