Kare Ya Harbi Mai Shi: To Ina Sauran Labarin?



Duk wanda ke cikin zaurukan WhatsApp na 'yan kasuwa ko na samarin unguwar nan ya san labaran da nake nufi. Wai a Amurka kare ya harbi mai shi. Wai an kama wani ya ɓoye bindiga a cikin ɗanyar kaza. Wai akwai garin da in ba ka da bindiga ka karya doka. A turo da hoto, a karanta a rumfa bayan la'asar, a ƙyalƙyale, wani ya ce, "Kai, Turawan nan sai Allah!" Wasu shafukan Facebook ma sun mayar da abin sana'a, suna kiransa labaran ban al'ajabi.

Ban zo hana kowa dariya ba, don wasu labaran ko dutse ne kai sai ka murmusa. Kuma yawancinsu sun faru da gaske. Ƙorafina a kan yadda ake ba da su ne. Masu yaɗa su kamar mai sayar da atamfa suke, wanda zai buɗe maka gefen da ke sheƙi ya naɗe inda ɓera ya ci. Da a dariya abin ke tsayawa da ban ɗauki alƙalami ba. To yanzu samarinmu sun fara kafa hujja da waɗannan guntayen labarai, suna cewa ai ƙasar da ta ci gaba kowa da bindigarsa, mu ma a zango ya kamata kowane gida ya ajiye. Don haka bari mu warware atamfar duka mu gani.

Mu fara da karen. A 2015 a jihar Indiyana wata mata ta je farautar agwagin ruwa, ta ajiye bindigarta a ƙasa da harsashi a ciki ba ta kulle ta ba. Karenta ya taka, ta tashi, ta same ta a ƙafa. Abin da ya sa labarin ya zaga duniya shi ne sunan karen, wanda da Turancinsu yake nufin kunamar bindiga. Matar ta warke, aka sha dariya. Amma a watan Janairun 2023 irin haka ta sake faruwa a jihar Kansas: kare ya taka bindiga a kujerar baya ta mota, harsashi ya sami wani mutum ɗan shekara 30 da ke zaune a gaba, nan take ya cika. Shi ma an yaɗa labarin da take iri ɗaya, wai kare ya yi harbi. Kare ba ya ɗura harsashi, jama'a. Mutum ne ya ɗura, ya ajiye, ya manta. Ɗora wa kare laifi shi ne ha'incin farko a labarin, domin mai karatu zai tashi yana ganin abin tsautsayi ne na ban dariya, alhali sakaci ne da ya kai mutum kabari.

Na kazar kuma a 2022 ne, a filin jirgin saman Fort Lauderdale da ke jihar Fulorida. Masu binciken kaya suka tsinci ƙaramar bindiga a cusa cikin ɗanyar kaza. Abin da ba a haɗa mana da shi ba shi ne, a shekarar 2023 kaɗai hukumar binciken fasinjoji ta ƙasar ta kama bindiga 6,737 a wuraren bincike na filayen jiragen sama, kuma fiye da tara cikin goma da harsashi a ciki. Mai kaza dai nasa wayon ne ya fito fili, amma abokan tafiyarsa dubbai ne.

Sai labarin Dick Cheney, mataimakin shugaban Amurka a zamanin George Bush ƙarami. A watan Fabrairun 2006 ya je farautar tsuntsun salwa a jihar Tekzas, ya juya zai harbi tsuntsu ya watsa wa abokin farautarsa ƙwayoyin harsashi a fuska da wuya da ƙirji. Mutumin lauya ne ɗan shekara 78 mai suna Harry Whittington. Da aka sallamo shi daga asibiti sai ga shi gaban 'yan jarida yana nuna takaicinsa kan damuwar da mataimakin shugaban ƙasa da iyalinsa suka shiga. Ka ji fa, wanda aka harba ne ke ba da haƙuri! Ita kuma hukumar kula da farauta gargaɗi ta yi wa Cheney saboda bai sayi wani kan sarki na dala 7 da ake liƙa wa lasisin farautar tsuntsaye ba. Nan ake tsayawa a yi dariya. Ba a faɗa mana cewa ƙwaya ɗaya ta gangara kusa da zuciyar dattijon har ta jawo masa bugun zuciya a asibiti ba. Kuma ba a tsaya an tambaya ba: da wani talaka ne ya harbi mataimakin shugaban ƙasa bisa kuskure, a gargaɗin dala 7 maganar za ta tsaya?

Wanda samarinmu suka fi riƙewa shi ne na garin Kennesaw a jihar Jojiya. Gaskiya ne, a 1982 majalisar garin ta yi doka cewa kowane magidanci ya ajiye bindiga da harsasai. To ga abin da aka naɗe. An yi dokar ne don mayar da martani ga wani gari mai suna Morton Grove, kusa da Chicago, wanda ya hana mallakar ƙananan bindigogi a 1981. Wato dokar gatse ce. Kuma a cikinta an cire wanda ba shi da halin saye, da mai naƙasa, da wanda aka taɓa ɗaurewa kan babban laifi, da wanda aƙidarsa ko addininsa bai yarda da riƙe bindiga ba. Ma'ana duk wanda ba ya so ya fita. Ba a bin gida gida ana dubawa. Dokar da ta ce dole ne sai dai in ba ka so, ai sanarwa ce kawai.

Ga lissafin da masu labaran ban dariya ba sa kawowa. Cibiyar Small Arms Survey da ke Geneva ta ƙiyasta a rahotonta na 2018 cewa akwai bindiga miliyan 393 a hannun fararen hula a Amurka, wato bindigogi sun fi mutanen ƙasar yawa. A 2021 hukumar lafiyarsu ta ƙirga mutum 48,830 da bindiga ta kashe, kusan 134 ke nan kullum. Fiye da rabinsu kuma su ne suka kashe kansu. Ba ɗan fashi ba ne ya zo musu, bindigar da aka ajiye a gida don tsaro ce ta zo kusa da hannu a ranar baƙin ciki. Mu 'yan kasuwa mun san ba a yabon haja da ribar kwana ɗaya, sai an rufe littafin shekara.

Akwai kuma labari biyu da ban taɓa ganin an turo ba, alhali su ne suka fi shafar mai zama a garin da ba nasa ba. A 1967 dokar jihar Kalifoniya ta yarda mutum ya fita da bindiga ɗauke da harsashi muddin bai ɓoye ta ba. Sai matasan baƙaƙen fata na ƙungiyar Black Panther suka fara yawo da nasu a birnin Oakland suna sa ido kan 'yan sanda. Nan da nan aka kai ƙudirin hanawa majalisa. A watan Mayu su wajen talatin suka je majalisar a Sacramento da bindigoginsu don nuna ƙin amincewa, kafin ƙarshen Yuli gwamna Ronald Reagan ya sa hannu an haramta. 'Yancin da ake alfahari da shi, da ya shiga hannun da ba a so, cikin 'yan watanni aka soke shi.

Na biyun, a watan Yulin 2016 a jihar Minesota ɗan sanda ya tsayar da motar wani baƙar fata mai suna Philando Castile, ma'aikacin ɗakin cin abinci na wata makaranta. Yana da lasisin bindiga, kuma da bakinsa ya shaida wa ɗan sandan cewa yana ɗauke da ita. Cikin daƙiƙoƙi aka buɗe masa wuta, harbi bakwai, ga budurwarsa a gefe da 'yarta 'yar shekara 4 a kujerar baya. A 2017 kotu ta wanke ɗan sandan. Ko a can ɗin, kafin a dubi takarda sai an dubi fuskar mai riƙe da bindigar.

To mu dawo gida. Dokar bindiga ta Nijeriya tun ta 1959 ce, kuma ta kasa bindigogi kashi uku. Manyan makaman yaƙi da ƙananan bindigogi irin su libarba sai da izinin shugaban ƙasa. Bindigar farauta irin mai baki biyu sai da lasisin Sufeto Janar. Adaka da 'yan'uwanta da ake ɗurawa ta baki, maganarsu na hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Dokar fashi da makami ta 1984 kuma ta ce wanda aka kama da bindiga ba bisa ƙa'ida ba, tarar naira 20,000 ce, ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko duka biyun. In abin dariya ake nema ga shi nan a gida: kuɗin da yau ba ya sayen rabin buhun shinkafa an ɗora shi a sikeli ɗaya da shekara goma ta rayuwar mutum. Sai dai alƙali ne ke zaɓa, ba wanda aka kama ba. Ko a watan Yunin 2022 da gwamnatin Zamfara ta ce jama'a su nemi lasisi su kare kansu daga 'yan bindiga, babban hafsan tsaron ƙasa na lokacin ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. In gwamna bai iya ba, ina ga mai shayi a bakin tasha?

Mu ma muna da namu labaran da duniya ke yi mana dariya a kai. A 2018 a jihar Imo wani mai maganin gargajiya ya haɗa maganin bindiga, ya rataya, ya ce wa mai saye ya harbe shi a gwada. Aka harba, ya mutu, aka kama mai sayen. A 2022 a Kaiama ta jihar Kwara yaro ɗan shekara 12 ya rasa ransa a irin wannan gwaji, ɗan'uwansa ne ya harbe shi da adakar mahaifinsu. Kafafen labaran waje sun ɗauka a matsayin abin al'ajabi, kamar yadda muke ɗaukar na karen Kansas. A gidan yaron kuwa zaman makoki aka yi. Manzon Allah (SAW) ya hana mutum nuna ɗan'uwansa da makami ko da wasa ne, kuma hikimar hanin a fili take.

Na san abin da samari za su ce, kuma ba maganar banza ba ce. Za su ce ranar Shagamu a 1999 wa ya kare mu? Ranar Idi-Araba a 2002 fa, da Mile 12 a 2016, da Shasha a 2021? Duk wanda ya kwashi iyalinsa cikin dare zuwa bariki ba za ka yi masa wa'azin kwanciyar hankali da arha ba. Amma mu tuna Uromi ta jihar Edo, ƙarshen watan Maris na 2025, cikin azumi. Mafarauta ne suka taso daga Fatakwal za su gida Kano yin Sallah. 'Yan sintiri suka tare motar, suka ga bindigogin adaka, aka yi kururuwar masu garkuwa da mutane, aka kashe mutum 16. Zalunci ne tsantsa, alhakinsu na wuyan waɗanda suka kashe su, kuma ba za mu daina neman a yi musu adalci ba. Abin lura shi ne, adakar da a ƙauyensu kayan sana'a ce kamar fartanya, a bakin hanyar Kudu ita aka mayar hujjar kisa. Taron da ya fusata ba ya karanta lasisi.

Wannan shi ne halin baƙo. Ɗan gari in an kama shi da bindiga sunansa za a kira. Ɗayanmu in an kama shi, "Hausawa" za a rubuta a jarida, a zo a birkice unguwa, a rufe kasuwa, mai faskare da mai wankin takalmi da ba su san hawa ba su san sauka ba su biya bashin. Bindiga ɗaya a ƙarƙashin katifar saurayi ɗaya ta ishi mai neman dalili.

Don haka roƙona ga masu tura labaran nan, ku riƙa kawo su da kai da jela. In ka turo na kare, faɗi wanda ya mutu. In ka turo na Kennesaw, faɗi cewa doka ce da kowa ke iya fita daga cikinta. In ba ka san ƙarshen labari ba, bar shi a wayarka. Iyaye kuma mu san abin da ke ɗakunan 'ya'yanmu da na baƙin da muke saukewa. Mafarauci ko maigadin da aikinsa ke buƙatar adaka, ya je fadar Sarkin Hausawa a san da shi, a raka shi wurin 'yan sanda a yi abin a rubuce, kuma kada ya hau motar haya da ita ya ƙetara jihohi. Maganar tsaron unguwa kuwa a kai ta inda ake zama da masu gari da DPO, a yi sintiri tare, kowa ya san fuskar kowa tun kafin ranar tsiya. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya tsare mu da zuriyarmu, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Amin.