Jinjina ga 'Yan Kasuwar Birnin Katsina

Tun kafin Kano ta karɓe ragamar fatauci a ƙasar Hausa, Katsina ce zangon da ayarin Sahara ke sauke kaya. A ƙarni na 17 da na 18, raƙuma kan taso daga Tarabulus da Gadamas, su ratso Agadas, su iso bakin ganuwa ɗauke da gishiri, takarda da tufafi, su koma da jemammiyar fata. Wannan fatar, wadda majemanmu suka sha wahalar jemewa, ita ce Turawa suka riƙa saye da sunan fatar Maroko.

Fatake ba kaya kaɗai suka kawo ba. Tare da su malamai da littattafai suka shigo, kuma Hasumiyar Gobarau na nan tsaye tana shaida. 

Bayan jihadi, wajen 1807, yaƙe-yaƙe da Maraɗi suka tsorata ayari, ciniki ya karkata Kano. Da matafiyi Heinrich Barth ya zo a 1851, ya tarar da birnin ya ragu ƙwarai. Duk da haka Bakatsine bai naɗe tabarmarsa ba, kuma a nan nake sara masa. Dukawa suka ci gaba da ɗinki, fatake suka riƙe hanyar Jibiya zuwa Maraɗi, aka ci gaba da ba da bashi bisa amana, da kara da mutunci.

Mai karatu, in ka shiga kasuwar Katsina, nemi rumfar dukawa ka sayi aikin hannunsu, kada ka matsa musu wajen tayi.