Tambarin Ƙungiya a Karkarar Kano: Don Wa Ake Zana Shi?

A ƙasar Bichi, Dambatta, Dawakin Tofa da Minjibir da wuya a sami garin da ba shi da ƙungiya: ta manoma, ta samari masu aikin gayya, ta mata masu adashe, ko kulob ɗin ƙwallo. Yawancinsu kan yi shekaru ba su da wata alama. Maganar tambari ba ta tasowa sai ranar rajista, ko buɗe asusu a banki, ko neman shiga shirin tallafi irin na Fadama, wanda ke hulɗa da manoma rukuni-rukuni. Ran nan ne ake tura sakatare shagon kwamfuta, a ce kada ya dawo sai da hatimi.

Abin da yakan riƙo kusan iri ɗaya ne ko'ina: hannaye biyu suna musafaha, ƙwallon duniya, zangarniyar alkama, wani lokaci har da tarakta ko saniyar Turai mai dabbare-dabbare. Laifin mai shago kaɗan ne. Kuɗin aikin ba shi da yawa, ga layi na jira, sai ya buɗe CorelDRAW ya harhaɗa hotunan da ya sauke daga intanet. Amma ƙungiyar da ba ta taɓa shuka alkama ba, gero da dawa da wake kawai ta sani, ta wayi gari da tambarin da ko 'ya'yanta ba za su iya bambanta shi da na ƙauyen maƙwabta ba.

Abin takaicin shi ne mutanen wannan ƙasa sun daɗe da ƙwarewa wajen karanta alama. Ita kanta kalmar tambari sunan gangar sarauta ce, wadda in ta tashi kowa ya san mai ita ba sai an faɗa ba. Sarakuna sun riƙa buga hatimi a wasiƙunsu tun kafin zuwan Turawa. Dagin Arewa ya fito daga hannun masu ɗinkin riga da magina kafin ya zama shaidar yanki guda. A siyasa ma haka: NPC ta riƙe fartanya, NEPU tauraro, a 1979 kuma PRP ta Malam Aminu Kano ta ci jihar Kano da mukulli, ita ko NPN tana gida da masara. Yau lema da tsintsiya ake nema a takardar ƙuri'a. Kusan kowace alama abu ne na cikin gida, mai suna da kalma ɗaya, wanda tsohuwar da ba ta shiga aji ba za ta gane daga nesa. Ko a kasuwar Dawanau, 'yar shaidar da aka yi wa buhu da tawada kan ishi ɗan dako ya san na wane ne.

Kuma ba abin zanawa aka rasa ba. Wannan yanki ne da masanin ƙasa Michael Mortimore ya fara nazarta tun shekarun 1960, saboda yadda gonaki ke manne da juna, ana noma su kowace damina ba hutu, ƙasar kuma ba ta mutu ba. Sirrin yana ga taki, da jakin da ke kai shi gona a mangala, da gawon da ke zubar da ganye da damina ya bar wa shuka rana. Ga rumbu, ga dami, ga sungumi, ga ɗorawa da kuka. Ƙungiyar da ta ɗauki rumbu kaɗai ta faɗi sana'arta da burinta a zane guda.

Akwai kuma gwajin da mai zane kan manta. Tambari yakan yi kyau a fuskar kwamfuta da launi biyar, amma rayuwarsa a hatimin roba take, 'yar da'irar da ba ta kai tafin hannu ba, da tawada ɗaya, a takardar da za a yi ta ɗaukar kwafinta. Nan ƙananan layuka ke cuɗewa su zama tabo. Daga nan zai koma hannun mai fenti a allon bakin hanya, ko mai buga riguna.

Rubutun ma da magana. Sunan rajista yakan zo da Turanci saboda ofis da banki, to amma babu abin da ya hana taken ƙungiya ya zo da Hausa, ko da ajami, wanda dattawa da yawa suka fi saurin karantawa. Makarantun Islamiyya kan zaɓi allo ko jinjirin wata, kuma malamai na da gaskiya da suke hana sa aya a tambari, tunda takardar na iya ƙarewa a ƙasa ko a hannun mai ƙosai. Wasu kuma ba sa son hoton mai rai. Launi ma a Kano ba a wasa da shi, domin ja kaɗai ya isa a jingina ƙungiyar manoma da wani ɓangaren siyasa.

Duk waɗannan a zaman ƙungiya ake warware su, ba a shago ba: a bugo zanen ƙarami, baƙi da fari, a zagaya da shi hannu-hannu, kowa ya faɗi abin da ya gani. In an amince, sakatare ya karɓi asalin zanen a wayarsa, a kuma rubuta a littafin taro wanda hatimin zai zauna a wurinsa, domin da shi ake fitar da kuɗi da karɓar takin tallafi.