Bangon da ke Kallon Titi

Matafiyin da ya bi hanyoyin karkara a Kanada ko Ostireliya yakan ci karo da abin da bai zata ba: ƙaramin gari mai titi ɗaya da 'yan shaguna, amma ga bangon wani tsohon gini ɗauke da hoton masu saran itace, ko ƙaton rumbun alkama na siminti da fuskar manomi a jikinsa. Takardun da ake raba wa baƙi kan ce garin ne ke ba da labarin kansa. Maganar ba ƙarya ba ce, sai dai mai ba da labari yakan dubi fuskar wanda yake ba wa kafin ya zaɓi abin da zai faɗa. Mafi yawan waɗannan zane-zane an yi su ne don mutumin da ke wucewa a guje, wanda ake so ya taka birki, ya sauko, ya sha shayi, in da hali ya kwana. Wannan mai wucewa, wanda ba ya halartar taron kwamiti kuma ba ya biyan kuɗin fenti, shi ne a ƙarshe ke yanke abin da za a zana, da girmansa, da abin da za a bari a ɗaki.

Asalin abin ya nuna haka ƙarara. Chemainus gari ne a tsibirin Vancouver da ke yammacin Kanada, wanda ya shafe fiye da ƙarni guda yana ci daga masana'antar yankan katako. A farkon shekarun 1980 kowa ya ga alamar cewa masana'antar na gab da rufewa, kuma ta rufe a 1983. Shekara guda kafin nan, a 1982, aka zana hotuna biyar na farko a bangayen garin, bisa shawarar Karl Schutz, wani mazaunin garin haifaffen Jamus wanda zanen jikin tsofaffin gidajen ibada na Romaniya ya burge. Hotunan duk daga tarihin garin aka ciro su: jirgin ƙasa mai jan gungume, ma'aikatan daji, shagon wani ɗan kasuwa ɗan asalin Sin a bakin ruwa. Har sawun ƙafa aka zana da fenti mai ruwan ɗorawa a gefen titi domin baƙo ya bi daga hoto zuwa hoto. Ɗan gari ba ya bukatar sawun da zai kai shi gidan waya. Garin Sheffield na tsibirin Tasmaniya a Ostireliya ya bi wannan hanya da gangan. Garin ya cika ya batse lokacin da ake gina madatsun ruwa na samar da lantarki a kogunan Mersey da Forth, da aikin ya ƙare a farkon shekarun 1970 ma'aikata suka watse. Masu faɗa a ji na garin suka ji labarin Chemainus, a 1986 John Lendis ya zana hoton farko, na Gustav Weindorfer, mutumin Ostiriya da ya yi fafutukar kare dajin tsaunin Cradle. A wuraren biyu fenti ya iso ne a daidai lokacin da sana'a ke fita.

Daga nan aka samo siffofin da suka zama na wannan fanni. Ta farko, kusan kullum hoton yana magana ne a kan jiya. Ana zana maƙeri da doki da amalanke, ana zana majagaba da matansu cikin dogayen riguna, da wuya a ga matashin da ya rasa aiki ko shagon da aka garƙame, alhali su ne dalilin da ya sa aka sayo fentin. Baƙo ya zo hutu ne, ba wanda ke gayyatar mutum gida ya fara nuna masa inda rufi ke yoyo. Ta biyu ita ce kama: fuska ta fito fuska, saniya ta fito saniya, domin mai tuƙi yana da daƙiƙa uku ko huɗu ne kafin ya wuce. Girma kuwa ya kai maƙura a rumbunan hatsi na Ostireliya. A Brim, ƙauyen da mutanensa ba su kai ɗari biyu ba a yankin Wimmera na jihar Victoria, Guido van Helten ya kammala a farkon 2016 hoton mutum huɗu na karkara a jikin rumbunan da aka daina amfani da su, masu tsayin kusan mita 30. Ya yi shi da launin ƙasa-ƙasa wanda ya saje da simintin, har mutum ya ce daga cikin ginin fuskokin suka tsiro. Aiki ne na gwani, babu ja. Amma wanda ya tsaya a gindinsa ba ya ganin komai sai ƙafafu da inuwa. Sai an ja baya, can wajen titi, hoton ke haɗuwa. Ba a daɗe ba ƙaramar hukumar Yarriambiack ta sa aka zana wasu rumbunan a Patchewollock, Sheep Hills, Rupanyup, Lascelles da Rosebery, aka jera su a hanya mai kusan kilomita 200. A nan ma'aunin aikin ya tashi daga gari ya koma tafiyar yini guda a mota.

Ana iya cewa to mene ne laifi, tunda garin da ke mutuwa ba ya da lokacin jiran zane mai zurfin ma'ana. Wannan hujja tana da nauyi, kuma mai sukar da ke zaune a birni ya kamata ya yi kaffa-kaffa da ita. Chemainus ta rayu, ta samu shagunan baƙi da gidan wasan kwaikwayo, Sheffield kuma tun 2003 take gasar zane ta shekara-shekara da ke cika gari. Sai dai a tuna cewa a Chemainus an sake buɗe wata sabuwar masana'antar katako, ƙarama, a tsakiyar shekarun 1980, kuma garin yana kusa da babbar hanyar da ke tsakanin biranen Victoria da Nanaimo na Kanada. Sheffield tana kan hanyar masu zuwa tsaunin Cradle. Zane ya tare mutanen da dama can suna wucewa ne, bai ƙirƙiro su ba. Garuruwa da yawa da suka kwaikwayi dabarar sun manta da wannan, sun kuma manta cewa abin da ya sa na farko ya ja ido shi ne babu irinsa. In kowane gari ya zana maƙerinsa da jirgin ƙasansa, matafiyi zai daina taka birki, kuma hotunan da aka yi don nuna bambancin gari su ne za su sa garuruwan su yi kama da juna.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi: cewa ba duka ne ke ɓoye abin da ke da ɗaci ba. Gaskiya ne. A Sheep Hills, mai zane Adnate ya zana dattawa biyu da yara biyu na 'yan asalin ƙasar, waɗanda aka ƙwace wa filin da aka shuka alkamar a kai. A Chemainus akwai hotunan al'ummar Japan da ta zauna a garin kafin gwamnati ta kwashe su zuwa sansanoni a 1942. Ba ƙaramin abu ba ne a ɗora waɗannan fuskoki a inda kowa zai gani. Duk da haka, a dubi yadda ake ɗora su: fuska mai kwarjini, ido na kallon nesa, sararin sama mai taurari. An nuna mutumin da aka zalunta, ba a nuna zaluncin ba, balle wanda ya yi shi. Baƙo zai ɗauki hoto, ransa ya ɗan sosu, ya shiga mota ba tare da an tambaye shi komai ba.

Cewa wannan zaɓi ne, ba ɗabi'ar bango ba, Orgosolo ce shaida. Gari ne na makiyaya a tsaunukan tsibirin Sardiniya na Italiya, wanda ya yi suna da fashi da ramuwar gayya har Vittorio De Seta ya yi fim a kansa a 1961. A watan Yuni na 1969 mutanen garin, maza da mata da yara, suka mamaye makiyayar Pratobello don hana sojoji mayar da ita filin koyon harbi, kuma sojojin suka janye. A shekarar ne wata ƙungiyar masu ra'ayin kawar da mulki daga Milan ta yi zanen farko. Abin ya kankama a 1975, lokacin da Francesco Del Casino, malamin zane daga Siena da ke koyarwa a makarantar garin, ya fita da ɗalibansa bango don cikar shekara talatin da kuɓutar Italiya daga mulkin fasist. Yanzu hotunan sun haura ɗari. Suna kan bangon gidajen da mutane ke kwana a ciki, a lunguna, daidai tsayin mai tafiya a ƙafa. Jikin mutanen cikinsu a karkace yake, irin salon Picasso, kuma kusan kowanne da rubutu: a kan rashin aiki, da ƙaura, da gidan yari, da ɗan siyasa Gramsci, da juyin mulkin Chile, har da faɗuwar tagwayen benayen New York a 2001. Bahaushen da ya san tsohon zanen ƙofar gida na birnin Zariya, inda magini kan sa keke ko mota a tsakiyar dagi, zai gane wannan hali, domin can ma maƙwabci ake wa magana, kuma da abin yau ake yi masa ita.

Za a ce ai Orgosolo ma ta zama wurin yawon buɗe ido, motocin baƙi na tsayawa, ana sayar da katin hoto, wasu sababbin zane-zanen ma sun yi laushi. Haka ne, kuma hoton makiyayi mai tawaye kansa ya zama haja. Bambancin yana wajen wanda ya riga wani. A Chemainus da Brim an hango baƙo tukuna aka jiƙa burushi, a Orgosolo kuwa baƙo ya iso ya tarar ana tsakiyar gardama. Rubutun da ke bangayen da Italiyanci ne, wani kuma da yaren Sardiniya wanda ko ɗan Roma ba lalle ya fahimta ba. Ba kowane hoto ne ke bayyana kansa ba, don haka mai kyamarar da ke son sanin wane ne ake zargi a wannan bango, ko me ya faru a Pratobello, sau da yawa sai ya sauke ta ya tambayi tsohon da ke zaune a ƙofar gidan shan kofi.