Uban da Ba a Gani Ba: Karatun Shaihu Umar daga Bakin Tafkin Kainji

Ranar da aka zauna rabon gadon mahaifina a Wara, ni aka miƙa wa alƙalami. Malam yana tambaya, ƙannen marigayi suna amsawa, ina rubutawa: kwale-kwale ɗaya, taru biyu, injin ban ruwan gonar albasa, sai 'yan buhunan gero. Da na ja layi a ƙarƙashin lissafin sai na ga mutumin da ya shekara sittin da ɗoriya a duniya bai cika rabin takarda ba. A daren nan na ɗauko Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, domin na tuna akwai wani uba a farkon littafin wanda shi ma da lissafin gado aka sallame shi.

Littafin yana cikin waɗanda suka fito daga gasar ƙaga labarai da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, tare da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Idon Matambayi da Jiki Magayi. An saba karanta shi a matsayin labarin cinikin bayi da na ƙaunar uwa, kuma haka yake: mahaifiyar Umar ta bi sawun ɗanta har ta faɗa bauta, ta ƙetare Sahara, ta rasu jim kaɗan bayan sun sadu. Sai dai abin da ya tayar da labarin tun farko tambaya ce ta asali. Almajirai a Rauta sun so su san daga ina malaminsu ya fito, kuma a wurin Bahaushe amsar wannan tambaya daga uba take farawa.

To, me Umar yake da shi na ubansa? An ce baduku ne, ya rasu Umar yana ciki, ya bar 'yan shanu da tumaki da goɗiya. Iyakar abin ke nan. Lokacin da na fara karanta littafin a makarantar sakandare na ɗauki wannan a matsayin gaggawar marubuci, wai yana ɗokin isa ga yaƙi da sahara. Yanzu na sauya ra'ayi. Wanda bai taɓa jin muryar ubansa ba ba zai iya ba da fiye da abin da aka gaya masa ba, kuma abin da mutane suka fi riƙewa game da mamaci shi ne sana'arsa da abin da ya bari. Da Ɓalewa ya cusa wa Umar shafuka na begen mutumin da bai sani ba, da ya yi ƙarya. Taƙaitawar ita ce gaskiyar maraici.

Daga nan littafin ya shiga jera wa yaron iyaye na aro. Na farko Makau, bafaden Sarkin Kagara da ya auri mahaifiyarsa, wanda hassadar abokan fada ta sa aka kore shi daga gari. Abin lura shi ne yawan filin da aka ba Makau: harin da suka kai, tsegumin da aka yi masa, ficewarsa. Duk waɗannan Umar bai gani da idonsa ba, yaro ne ƙanƙane a lokacin, amma yana ba da su daki-daki kamar yana wurin. Mai nazari zai iya kiran wannan rauni a tsarin mai ba da labari, kuma ba zan musa ba. Amma na san inda irin wannan ilimi yake fitowa. Mahaifina an haife shi a wani gungu a tsakiyar Kwara, cikin tsibiran da ruwa ya shanye bayan an kammala madatsar Kainji a 1968, lokacin da aka tashi mutane fiye da dubu arba'in daga Yawuri zuwa Bussa aka sake musu matsuguni. Ban taɓa taka wannan tsibiri ba, amma zan iya zana inda tsamiyarsa take da inda ake ɗaure jirage, saboda yawan jin labarinsa. Ɗa yakan gaji tunanin ubansa har ya manta ba nasa ba ne. (Abin mamaki, a zamanin da marubucin nan yake Firayim Minista aka fara ginin madatsar, a 1964, bai kuwa ga ƙarshenta ba.)

Inda na kasa bin Ɓalewa shi ne kan Abdulkarim, Balaraben Ber Kufa. Littafin ya nuna shi mutumin kirki: ya riƙi Umar kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu, har yaron ya kai ga Shaihu Mas'ud ya zama malami. Amma a Kano Abdulkarim ya same shi, cikin bayi, kuma fataucin da ya kawo shi ƙasar Hausa shi ne wanda ya raba uwar da ɗanta. Umar, wanda ya zama shaihi mai auna magana, bai taɓa tsayawa ya ɗora waɗannan biyun a kan sikeli ɗaya ba. Yana godiya, yana mayar da kome ga ƙaddara. Na yarda haƙuri ne ginshiƙin halinsa, kuma na yarda maraya yakan rungumi duk hannun da ya miƙo masa tuwo. Duk da haka ina ganin marubucin ya sauƙaƙa wa kansa aiki a nan. Jimla biyu kawai na damuwa a bakin Umar, a daren da ya ga halin da bauta ta mayar da mahaifiyarsa, da sun ƙara wa littafin nauyi ba tare da sun taɓa tawakkalinsa ba. A wannan fuska Jiki Magayi ya fi shi ƙarfin hali, domin ya bar laifin manya ya sauka a kan ɗa har ɗan ya zama ajalin ubansa, bai kuma rufe wa mai karatu ido ba.

Akwai kuma abin da ban lura da shi ba sai a wannan karatu. Umar yana ba da labarin ne a zaune, almajirai kewaye da shi, wato shi kansa ya zama uba na aro ga 'ya'yan wasu. Gadon baduku bai kai gare shi ta wata hanya da za a gani ba: ba mu ji ya riƙe basilla ba, kuma dabbobin sun ɓace daga labarin. Abin da ya rage masa ya miƙa wa na baya shi ne labarin kansa, da uban a layin farko.

Ni kwale-kwalen ne ya faɗo a rabona. Ban iya tuƙi sosai ba, boko ya ɗauke ni tun ina ƙarami, don haka na bar shi a hannun ƙanena. Makon jiya ya aiko mini cewa katakon gindinsa ya fara shan ruwa, yana tambaya ko a gyara ko a sayar. Har yau ban ba shi amsa ba.