Aikin Koyon Koyarwa da Ɗalibin Malantar Kimiyya

Aikin koyon koyarwa, wanda ɗalibai suka fi kira TP, shi ne lokacin da kwalejin ilimi ko jami'a take tura ɗalibinta wata makaranta ya riƙe aji na gaske, ana sa masa ido ana ba shi maki. A kwalejojin ilimi na Nijeriya, inda ake shekara uku kafin a karɓi shaidar NCE, aikin yakan faɗo a shekarar ƙarshe. Hukumar kula da kwalejojin ilimi ta ƙasa, NCCE, wadda aka kafa a 1989, ita ke shimfiɗa ƙa'idojinsa, kuma wanda bai ci shi ba ba ya fita da takarda.

Ita kanta NCE ta samo asali ne daga rahoton kwamitin Ashby na 1960, wanda ya nuna ƙarancin ƙwararrun malaman sakandare. Daga nan aka buɗe manyan kwalejojin horon malamai a 1962, har da ta Zariya. A fannin kimiyya ƙarancin ya fi tsanani a Arewa, abin da ya sa Jihar Kano ta buɗe makarantun sakandaren kimiyya na musamman a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977. A tsarin ilimi na 6-3-3-4, an haɗe bayoloji da kemistiri da fiziks cikin darasi guda a ƙaramar sakandare. Wannan ya shafi ɗalibin malanta kai tsaye: wanda ya karanci bayoloji da kemistiri a kwaleji yakan wayi gari an miƙa masa babin lantarki, wanda rabonsa da shi tun yana sakandare.

Kafin a tura shi, ɗalibi yakan yi gwajin koyarwa a gaban 'yan ajinsu, dabarar da aka ƙirƙiro a Jami'ar Stanford ta Amurka a 1963. Yakan koyar na 'yan mintoci, a yi masa gyara, ya sake. Gwajin yana rage tsoron tsayuwa gaban allo, amma iyakarsa ke nan, don abokan karatu sun riga sun san amsa, kuma ba sa surutu a bayan aji. Ranar da ya shiga ajin da yara suka cika har wasu na zaune a ƙasa, a nan karatun yake farawa.

Abin da ya fi cin lokacinsa shi ne rubuta tsarin darasi. Kowane darasi na minti 40 yana da takardarsa: manufar da ake so yaro ya cim ma, abin da ya riga ya sani, kayan koyarwa, matakan gabatarwa, sai tambayoyin auna fahimta. Tsarin yana da amfani, domin yana tilasta wa sabon malami ya yi tunani kafin ya buɗe baki. Illarsa ita ce takarda ta fi koyarwa sauƙin dubawa. Sufabaiza da ya zo daga kwaleji yana da ɗalibai da yawa a makarantu daban-daban, don haka littafin tsarin darasin yake fara karɓa. Ɗalibai sun gane haka, shi ya sa ake samun littafi tsaf da jan layi, da zanen zuciya ko furen tsiro a kan kwali, wanda ba ya fitowa daga jaka sai ranar da aka ji ƙishin-ƙishin mai duba aiki na tafe.

Kimiyya kuwa tana da buƙatar da sauran darussa ba su da ita: dole yaro ya gani da idonsa, ya taɓa, ya gwada. Makarantun gwamnati da yawa ba su da ɗakin gwaje-gwaje mai aiki. Inda akwai shi ma, sau da yawa a kulle yake, ana adana kayan don jarrabawar WAEC da NECO. Sai ɗalibin malanta ya koma ga abin da aka yi masa, wato cika allo da rubutu yara su kwafa.

Wanda ya samu jagora nagari yakan gano cewa kasuwa da madafi sun isa a yi gwaji da dama. Darasin sinadarai masu tsami da kishiyoyinsu misali ne. A jiƙa zoɓo a tace, a zuba ruwan a kofuna uku masu haske. A matsa lemun tsami a na farko, jan ya ƙara haske. A zuba ruwan kanwa ko na toka a na biyu, nan take ya rikiɗe ya koma kore-kore mai duhu. Na uku a bar shi yadda yake don kwatantawa. Idan aka riƙa ɗiga ruwan tsamiya a kofin kanwar, jan zai dawo a hankali, yara su ga yadda ɗaya ke kashe kaifin ɗaya. Yarinyar da ta saba ganin ana jefa kanwa a miya don kashe tsamin tumatir ba ta buƙatar dogon bayani. Gwanintar malami a nan tana ga tambayar da zai yi kafin ya zuba: "Me kuke tsammani zai faru?" Sabbin malamai sukan yi gaggawar faɗin sakamako, su mayar da gwaji wasan kallo.

Akwai kuma batun harshe. A ƙa'ida da Turanci ake koyarwa a sakandare, da shi kuma ake jarrabawa, alhali yara da yawa ba su riƙe shi sosai ba. Abin da ke faruwa a aji shi ne malami ya rubuta da Turanci, ya yi bayani da Hausa. Ɗalibin malanta yakan rasa tudun dafawa: in ya tsaya kan Turanci yara su yi zuru, in ya sauka Hausa ya ji tsoron a rage masa maki. Ba kasafai kwaleji ke koya masa yadda zai haɗa biyun bisa tsari ba.

Mafi raunin sashen aikin TP shi ne malamin da ɗalibi ya tarar a makarantar. Shi ya kamata ya zauna a bayan aji, ya lura, su tattauna bayan an tashi. A wurare da dama zuwan 'yan TP hutu ne ga masu ajin: a miƙa musu alli da rajista, ba a sake leƙowa. Ɗalibi yakan koyi riƙon aji ta haka, da ƙarfi da yaji, amma kuskuren da yake yi a bayanin ilimi ba mai kama shi, yara kuma su kwafe shi a littafi. Sufabaiza ma wani lokaci ba daga fannin kimiyya yake ba, sai ya auna murya da shiga da tsabtar allo, ya bar ainihin darasin.

Bayan kammalawa, sabon malami yana buƙatar rajista da hukumar rajistar malamai, TRCN, wadda dokar 1993 ta kafa, kuma jarrabawar ƙwarewarta a kwamfuta ake yin ta. Saboda haka makin TP shi ne kusan shaida guda da ke nuna cewa wani ya taɓa zama ya kalli yadda yake koyar da kimiyya kafin a ɗauke shi aiki.